Kafin Ka Buɗe Tolstoy: Fashin Baƙi kan Adabin Rasha da Ƙasar da Ta Haife Shi

A watan Maris na 2022, kwanaki kaɗan bayan sojojin Rasha sun afka wa Yukren, wata jami'a a birnin Milan na Italiya ta sanar da marubuci Paolo Nori cewa ta ɗage laccocin da zai gabatar kan marubucin Rasha Dostoyevsky, wai don gudun ce-ce-ku-ce. Da aka yi mata ca, sai ta janye. A Yukren kuwa abin ya wuce cacar baki: gari bayan gari an riƙa sauke mutum-mutumin Pushkin, babban mawaƙin Rasha, ana canza wa titunan da ke ɗauke da sunansa suna. Shi kuma Putin ya samu abin faɗa, yana cewa Turawan Yamma na son shafe al'adun Rasha daga doron ƙasa.

To littattafan marubutan Rashan nan na wane ne? Tutar gwamnatin Mosko ne, ko kuwa ƙarar da aka kai ta? Wanda ya buɗe su bai san ƙasar da aka rubuta su a ciki ba, ba zai iya amsa wannan ba. Hasali ma rabin abin da ke faruwa a shafi zai wuce shi, domin marubutan ba su tsaya yin bayanin abin da kowane ɗan ƙasarsu ya sani ba.

Wane adabi ake nufi?

Zamani ne gajere, bai cika shekara ɗari ba. Ya faro daga Pushkin, wanda aka haifa a 1799 ya mutu a 1837 sakamakon harbin fito-na-fito kan mutuncin matarsa, ya tuƙe a kan Chekhov da ya rasu a 1904 da Tolstoy da ya bi shi a 1910. A tsakani akwai Lermontov, Gogol, Turgenev, Goncharov da Dostoyevsky. Kusan dukkansu 'ya'yan masu filaye ne ko na ma'aikatan gwamnati, kuma sun yi rubutu ne a ƙasar da ƙidayar 1897 ta nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ya iya karatu. Ke nan tsirarun 'yan boko ne ke rubuta wa junansu labarin talakan da ba zai karanta ba, kuma wannan ya dame su ƙwarai.

Rayukan da ake ƙidayawa a takarda

Mabuɗi na farko shi ne bauta. Dokar 1649 ce ta ɗaure manomi ga ƙasar ubangidansa har abada, shi da zuriyarsa. In ya gudu, ko bayan shekara nawa ne, a kamo shi. Mai karatu Bahaushe yana da kalmomin fahimtar wannan tsari fiye da Bature na yau. Wasu manoman suna yi wa ubangida noma kwana uku a mako, wani wurin fiye, wato aikin gandu. Wasu kuma ana sakin su su tafi birni neman kuɗi su riƙa biyan wani abu duk shekara, abin da kakanninmu ke kira murgu. Wanda ya tara abin kirki yana iya fansar kansa idan ubangidan ya yarda. Bambancin shi ne waɗannan ba kamammun yaƙi ba ne: harshensu ɗaya da ubangidan, cocinsu ɗaya, jininsu ɗaya. Duk da haka yana iya sayar da su, ya jinginar da su, ya sa a yi musu bulala, ko ya zaɓi wanda ya tsana ya miƙa shi aikin soja na shekara 25.

Ana auna arzikin mutum da yawan "rayukan" da ya mallaka, wato bayinsa maza. A kan kowane rai gwamnati na karɓar haraji, kamar yadda ake karɓar jangali a kan kowace saniya, kuma lissafin ƙidayar da ta gabata ake bi. Idan bawa ya mutu, sunansa na nan a takarda, harajinsa na kan ubangidan har sai an sake ƙidaya, wadda takan ɗauki shekaru. A wannan ɓaraka Gogol ya gina *Dead Souls*, wato Matattun Rayuka, a 1842. Chichikov na yawo ƙauye-ƙauye yana sayen sunayen matattu da arha, masu su na murnar sauke nauyin haraji, shi kuma niyyarsa ya jinginar da su ga hukuma kamar masu rai ya karɓi rance. Duk wanda ya taɓa jin labarin ma'aikatan bogi a takardar albashi ya riga ya san Chichikov, bai dai san sunansa ba.

Tun 1762 aka ɗauke wa masu filaye wajibcin yi wa gwamnati aiki, bayinsu kuwa ba a ɗauke musu komai ba. Nan aka haifi ɗan gatan da ke cike littattafan nan: ya yi karatu, yana da Faransanci, yana da tunani, ba shi da abin yi. Onegin na Pushkin da Pechorin na Lermontov duk irinsa ne. Ƙarshen tiƙ shi ne Oblomov na Goncharov, wanda ya fito a 1859: cima-zaune mai rayuka sama da ɗari uku, wanda baransa ke sa masa safa, kuma sai an ci shafuka da yawa kafin ya iya raba bayansa da shimfiɗa. Mai karatu na dariya, amma tambayar da ke ƙasa ba ta dariya ba ce: gumin wa ke biyan wannan barci?

Kashin da Rasha ta sha a yaƙin Kirimiya, 1853 zuwa 1856, shi ya tilasta sauyi. A 1861 Sarki Alexander na Biyu ya 'yanta bayi kimanin miliyan 23. Sai dai 'yancin ya zo da bashi: an ba su gonaki, amma za su biya kuɗin fansarsu cikin shekara 49, kuma da yawa sun tashi da ƙasar da ba ta kai wadda suke nomawa da ba. Su ma iyayengijin ba su iya noma da lada ba, suka shiga cin bashi da sayar da gado. Wannan rikitaccen zamani ne ake gani a damuwar Levin da gonarsa cikin *Anna Karenina* na Tolstoy, kuma shi ne wasan Chekhov na ƙarshe, *The Cherry Orchard* na 1904, inda ɗan bawa ya saye gidan da ubansa da kakansa suka yi bauta. Chekhov ya san abin daga gida. Kakansa bawa ne da ya fanshi kansa da iyalinsa a 1841.

Matakala goma sha huɗu, da aure marar ƙofar fita

Sarki Peter Babba, wanda ya kafa birnin Petersburg a 1703, ya jera duk ma'aikatan gwamnati da hafsoshi a matakai goma sha huɗu a 1722. Matakinka shi ke faɗin irin gaisuwar da za a yi maka da irin kakin da za ka sa. A zamanin Gogol, wanda ya taka mataki na takwas shi da 'ya'yansa sun shiga sahun masu asali. Malamin ofishin nan na labarin Gogol *The Overcoat*, wanda ya yi ta tsimi don ɗinka kwat ɗaya tak, a mataki na tara ya maƙale, a bakin ƙofa ke nan. Marubucin ya ambaci muƙamin a layi ɗaya ya wuce, domin masu karatunsa sun gane.

Haka batun aure. Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya tambaya: me ya hana mijin Anna Karenina, matar auren da ta yi soyayya da wani, ya sake ta kowa ya huta? Saki a hannun coci yake, dalilansa kaɗan ne, sai an tabbatar da cin amana a gaban shari'a, wanda aka kama da laifin kuma ba shi da izinin sake aure. Ɗa na uba ne. Anna ba ta da hanyar da za ta samu masoyinta da ɗanta da mutuncinta gaba ɗaya, alhali wanta Stiva na aikata abin da ta aikata, ana kuma gayyatarsa cin abinci ko'ina.

Yadda labari ya zama majalisa

Wannan, a ganina, shi ne ƙashin bayan maganar. Rasha ba ta samu majalisar dokoki ba sai a 1906. Ba jam'iyyu, ba jaridar da za ta soki sarki. A Disamba 1825 wasu hafsoshi 'ya'yan manya suka yi yunƙurin tawaye suna neman tsarin mulki. Aka rataye biyar, aka kora sama da ɗari zuwa Siberiya. Sarki Nicholas na Ɗaya, da ya hau gado a kan wannan jini, ya kafa 'yan sandan ciki a 1826, ya kuma naɗa kansa mai tace rubutun Pushkin. Da masanin falsafa Chaadayev ya buga wasiƙa a 1836 yana cewa Rasha ba ta ba duniya komai ba, hukuma ba ta kai shi kotu ba, sai ta ayyana shi mahaukaci. Turgenev ya yi wata guda a tsare a 1852 saboda ta'aziyyar Gogol da ya rubuta. Ko sunan *Dead Souls* sai da wani mai tacewa a Mosko ya yi tsalle ya dire a kansa, wai ai rai ba ya mutuwa.

Dostoyevsky ya fi kowa ɗanɗanawa. An kama shi a 1849 cikin wata ƙungiyar matasa masu karance-karance, kuma cikin laifuffukansa har da karanta wa jama'a wasiƙar da mai sharhi Belinsky ya rubuta wa Gogol. Aka fito da su fili cikin sanyin Disamba, aka karanta musu hukuncin kisa, aka ɗaure ukun farko a turaku, sojoji suka saita bindiga, sannan aka sanar da sassaucin sarki. Shirin wasa ne tun farko. Ya yi shekara huɗu da mari a ƙafa a kurkukun Omsk.

A irin wannan ƙasa, duk abin da ba za a iya faɗa a fili ba sai a sa shi a bakin mutanen cikin labari. Littattafan kuma ba a dunƙule suke fitowa ba, kashi-kashi ake buga su a manyan mujallu na wata-wata, kowace mujalla da ɓangaren da take goyon baya. A 1866 mujalla guda ce ke ɗauke da *Crime and Punishment* na Dostoyevsky da kuma sassan farko na abin da ya zama *War and Peace* na Tolstoy. Shi ya sa mutanen cikinsu ke tsayawa tsakiyar shan shayi su yi shafi goma suna gardama kan Allah da talauci da makomar ƙasa. Mai karatun yau yakan ƙosa ya tsallake. Na zamanin, wannan yake jira.

Rigimar 'yan boko

Gardamar ta fara da ɓangare biyu. Masu kallon Yamma na cewa Rasha ta makara, mafita ita ce ta bi sawun Turai a doka da ilimi da 'yanci. Masu kishin gargajiya na cewa Peter ne ya ɓata ƙasar da ya yanke ta daga cocinta da zaman gayya na ƙauye. Duka biyun kuwa 'yan boko ne, a littattafan falsafar Jamus suka yi wayo. *War and Peace* ma da Faransanci aka buɗe shi, domin da shi manyan Petersburg ke hira, ga kuma Napoleon na shirin zuwa ƙona musu ƙasa a 1812.

Daga baya sai ga sabbin jini, 'ya'yan limaman coci da likitoci da ƙananan ma'aikata, waɗanda suka ce duka biyun surutu ne. Dubi yadda littattafai uku suka yi ta mayar wa juna martani. A 1862 Turgenev ya fitar da *Fathers and Sons*, da gwarzonsa Bazarov, ɗalibin likita mai kore komai in ban da abin da ido ya gani a ɗakin gwaji. Matasa suka ce an yi musu ba'a. A 1863 Chernyshevsky, yana tsare a kurkuku, ya rubuta amsa mai suna *What Is to Be Done?*, inda ya nuna cewa in aka tsara rayuwa da hankali da lissafi kowa zai ji daɗi. Masu tacewa suka yi sakaci ya fita. A 1864 Dostoyevsky ya mayar da *Notes from Underground*: mutum ba lissafi ba ne, zai iya rushe aljannar da ka gina masa don kawai ya nuna maka yana da zaɓi. Wanda ya karanta na ukun bai san na biyun ba, kamar mai jin faɗa ne ta bayan katanga, murya ɗaya kawai ke iso masa. Littafin Chernyshevsky a matsayin adabi ba shi da armashi, amma Lenin ya ƙaunace shi har ya ari sunansa a 1902.

Gardamar ba ta tsaya a takarda ba. A 1869 'yan ƙungiyar Nechayev, wani mai neman juyin juya hali, suka kashe wani ɗalibi ɗan cikinsu a Mosko, daga nan Dostoyevsky ya samo *Demons*. A Maris 1881, makonni kaɗan bayan rasuwarsa, masu juyin juya hali suka kashe da bam sarkin nan da ya 'yanta bayi.

Zargin da ake yi musu, da abin da ke kare su

Masu sauke mutum-mutumi ba daga sama suka samo hujja ba. Pushkin ya yi waƙa a 1831 yana kare murƙushe tawayen Poland, ya kuma yi wa janar-janar ɗin da suka ci Kaukasus kirari. Dostoyevsky a rubuce-rubucensa na jarida ya yi ta cewa Istanbul dole ta zama ta Rasha, ya kuma faɗi munanan maganganu kan Yahudawa da 'yan Poland. A daidai lokacin da adabin Rasha ke tashe, dokokin 1863 da 1876 suka toshe buga littattafai da harshen Yukren. Babban mawaƙinsu Shevchenko, wanda shi ma a bauta aka haife shi, an tura shi soja a 1847 tare da umarnin kada ya rubuta kada ya zana. Gumakan Pushkin da yawa kuwa hukuma ce ta kafa su don nuna wa ke da gari.

Ga ɗaya gefen. Tolstoy, wanda ya yi soja a Kaukasus yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa da rubuta *Hadji Murad*, labarin wani jarumin Imam Shamil, jagoran Musulmin Kaukasus a yaƙi da Rasha, da ya koma wajen Rashawa a 1851 aka kashe shi a shekarar da ta biyo. A ciki ya nuna ƙauyen Musulmi bayan sojoji sun wuce: an ƙone hatsi, an ƙazantar da masallaci da maɓuɓɓugar ruwa, an soke yaro da banati. Ya kuma zana Sarki Nicholas a matsayin azzalumi mai son a yabe shi. Littafin bai fito ba sai 1912, kuma wanda aka buga a Rasha sai da aka yanke sassa. Coci ta yanke hulɗa da Tolstoy a 1901. A 1904 Shehu Muhammad Abduh na Masar ya rubuta masa wasiƙar girmamawa, ya amsa.

Shi kansa Pushkin ba ya shiga aljihun kowa cikin sauƙi. Ya yi zaman kora saboda waƙoƙin 'yanci, ya rubuta waƙoƙin kwaikwayon salon Alƙur'ani a 1824, kuma kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, yaro ne baƙar fata da aka sato daga Afirka aka kai wa Peter kyauta, ya tashi har ya zama janar. An daɗe ana cewa daga Habasha yake, amma masanin tarihi Dieudonné Gnammankou ya kawo hujjar cewa garinsa Logone-Birni ne, kudu da Tafkin Cadi, a Kamaru ta yau. Shi ma Gannibal, da ya samu wuri, rayuka ya mallaka.

Ra'ayina shi ne ɓangarorin biyu sun yi gaskiya kan abin da suka nuna, sun yi shiru kan abin da bai yi musu daɗi ba. Asarar kuma ta mai karatu ce idan ya bari wani ya zaɓar masa rabin da zai gani.

Ta ina za a fara, me za a haɗa da shi?

Kada a fara da masu kauri. *The Overcoat*, *The Death of Ivan Ilyich* na Tolstoy, 1886, *Hadji Murad*, da gajerun labaran Chekhov irin su *Ward No. 6*, kowanne ana gama shi a zama ɗaya ko biyu. Sai *Fathers and Sons*, sannan a tunkari Dostoyevsky.

Littafin bayani kuwa, in ɗaya za a saya, ni *Russian Thinkers* na Isaiah Berlin zan ce, domin shi ya fi warware gardamar 'yan bokon nan. Sai dai a san cewa Berlin yana da nasa gwanaye, marubuci ɗan adawa Herzen da Turgenev, kuma ba ya ɓoyewa. Herzen ɗin ma a karanta shi da bakinsa a *My Past and Thoughts*. Ya ga zamanin Nicholas da idonsa kafin ya bar ƙasar ya kafa jarida a Landan. *Natasha's Dance* na Orlando Figes, 2002, ya fi sauƙin haɗiya kuma ya tattaro kiɗa da zane da abinci, amma masana sun kama shi da kurakurai, don haka ƙofar shiga ce, ba wurin kafa hujja ba. Mai son Dostoyevsky da gaske ba shi da kamar Joseph Frank, wanda ya yi masa tarihi juzu'i biyar aka kuma taƙaita su a ɗaya. Laccocin marubuci Nabokov kan adabin Rasha suna koya wa mutum lura da ƙananan abubuwa a shafi, illa dai ya raina Dostoyevsky raini mai yawa, a yi masa uzuri a wuce. Don jin ɓangaren waɗanda aka ci da yaƙi, akwai *Russian Literature and Empire* na Susan Layton kan Kaukasus, da *Imperial Knowledge* na Ewa Thompson, wanda ya fi zafi.

Fassarar Ingilishi ta Constance Garnett ta tsufa, takan kuma goge kaushin harshen Dostoyevsky, amma kyauta take a intanet kuma tana karantuwa. Masu Faransanci a Nijar da Kamaru da Cadi suna da ta André Markowicz, wadda ta bar kaushin yadda yake. Masu Larabci kuwa suna da ta Sami al-Durubi, ɗan Siriya, ko da yake ta hannun Faransanci ya bi.

Abin da ke korar mutane da yawa tun shafi na talatin shi ne sunaye, alhali mu bai kamata ya ba mu wahala ba. Kowa na da sunan yanka, da sunan uba, da sunan zuriya. Rodion Romanovich Raskolnikov shi ne Rodion ɗan Roman na gidan Raskolnikov. Haɗa biyun farko girmamawa ce, kamar a ce Malam Musa Ibrahim. Uwarsa kuwa Rodya take kiransa, yadda Hadiza ke zama Dije, A'isha ta zama Indo, haka Alexander ke komawa Sasha. A ajiye 'yar takarda a cikin littafin ana rubuta su, a kuma lura da lokacin da wani ya sauya sunan da yake kiran wani da shi, domin sau da yawa a nan ne soyayya ta fara ko raini ya shigo.